Ruwan Wace Rana, Malam?

Yayata tana da 'yar makarantar kuɗi a bayan masana'antun Challawa, ta hanyar Panshekara, unguwar da baƙo yake toshe hanci, 'yan gari su tambaye shi ko mura yake yi. Malaminta na zane-zane ya samu aiki a wani kamfanin fata, ya bar mata 'yan aji biyu. Ni kuwa an san ni a gida da zana dagi a bangon littafi, sai ta ce, "Auta, kai za ka riƙe min su." Wa ya isa ya yi wa Yaya musu?

Darasin layi da siffa ya tafi lami lafiya. Da marfin kwalba muka yi da'ira, da kwalin ashana muka fitar da mai kusurwa huɗu. Har na fara jin kaina.

Da muka zo kan launi na nemi kuɗin fenti, Yaya ta dube ni sama da ƙasa ta ci gaba da lissafinta. Sai na sayo zoɓo, da kurkur, da bula, na jiƙa kowanne a robarsa, na shiga aji cikin farar shadda. Na tuna musu cewa Kano garin rini ce, karofin Ƙofar Mata tun 1498 yake, kuma har gobe da baba da toka ake fitar da shuɗinsa. Sannan na kafa doka: ja, da shuɗi, da ruwan ɗorawa su ne iyayen launuka, ba a samunsu ta hanyar haɗi. Na juya allo in rubuta. Kafin in waiwayo, ja ya ƙare. Zoɓon da ko sukari babu! Leɓuna jajawur, kowa na rantsuwa ba shi ba ne.

Wata 'yar firit ta ce, "Malam, kar ka damu." Ta kwance bakin hijabinta, ta ɗauko kanwar da mamanta ta aike ta saya, ta gutsura a cikin kurkur. Nan take ya koma ja. Aji ya ɗauka baki ɗaya: "Malam ya ce ba a haɗa ja!" Na gyara hula na ce wannan karatun 'yan aji shida ne. Ba ta tsaya nan ba, ta jefa sauran a ɗigon zoɓon da ya rage, ya rikiɗe ya yi duhu-duhu mai kore. Ashe kanwa haka take yi wa su biyun, kuma duk mai shiga kicin ta sani.

Don in dawo da martabata na ce kowa ya zana kogi, ya shafa masa shuɗi. Wani yaro ya ɗaga hannu.

"Malam, ruwan wace rana?"

Na ce wace irin tambaya ce wannan. Ya yi min bayani a tsanake, irin na mai tausayin ɗalibi: kwatar da ta bi ta bayan gidansu ta gangara kogin Challawa, launinta ya danganta da fatar da ake rinawa a ranar. Wata ran baƙi, wata ran ruwan ƙasa, wata ran ja da kumfa. Gardama ta kaure kan launin jiya. Yaro ɗaya ne ya shafa shuɗi, baƙo ne daga Tiga, suka yi ta yi masa dariya wai bai taɓa ganin ruwa ba. Na rasa wanda zan ba maki goma. A gaskiya littafin da na riƙe ne ya faɗi jarrabawar.

Aikin gida na ce kowa ya zo da abu mai laushi da abu mai kaushi. Washegari teburina ya cika da guntayen fata masu sheƙi, waɗanda iyayensu suka tsinto a wurin aiki. Ɗaya kuwa ya kinkimo ɗanyar fatar akuya a leda, wai gefe guda laushi, gefe guda kaushi, ya haɗa biyu ke nan. Ƙudajen Kumbotso kaf suka biyo shi. Wanda ya manta bai zo da komai ba ya durƙusa ya nuna dunduniyata.

Ana cikin haka iyaye mata suka iso da fararen riguna masu tabon kurkur, wanda sabulu ya ƙara mayarwa ja. Yaya ta saurare su, ta ba su haƙuri, sannan ta juyo ta tambaye ni me ke gaba a manhaja.

Na ce, "Ginin yumɓu, Yaya."

Ta ce daga Litinin in koma karɓar kuɗin makaranta a bakin ƙofa.