"Ni Fa Ban Shirya Ba"

Mu Haɗejiyawa akwai ƙaryar da muka yafe wa junanmu. In aka miƙa wa mutum lasifika a wurin walima ko taron unguwa, sai ya dafa ƙirji ya ce, "Ni fa ban shirya ba." Kada ka yarda. Gyara zama kawai, shinkafar da ke gabanka sai ta huce.

Ga yadda muke yi. Sallama tukuna, sai salati, sai gaisuwa daki-daki: Mai Martaba Sarki Adamu Abubakar Maje, ko da yana fada bai ma san ana taron ba, sai hakimi, dagaci, mai unguwa, liman da na'ibinsa, har iyayenmu mata da ke cikin gida. Baƙo zai ɗauka ladabi ne tsantsa. To, ladabi ne, amma a cikin gaisuwar nan gwiwa ke daina rawa, zuciya kuma tana can tana lalubo abin faɗa. Ka dai kiyayi tsallake mai unguwa, don ba ya mantuwa.

Wasu na cewa wannan ƙarfin halin magana namu jinin Sarkin Haɗejiya Buhari ne, wanda ya ƙi sunkuya wa Sakkwato har ya rasu a 1863. Ni ban kai abin can ba. Na fi ganin sanin abin da ake magana a kai ne.

Je ka taron da manya suka zo daga Dutse jajen ambaliya, irin ta 2022. Ɗan boko zai fito da takarda, hannu na karkarwa, yana in'ina a kan Hausar da aka fassaro masa. Sai a ce manomi ɗaya ya tashi, mutumin Guri ko Kirikasamma, da taɓo a dunduniya. Zai gyara hula ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ruwa ne ya cuce mu ba, kacalla ce." Daga nan ya ɗauko ta tiryan-tiryan: tun da aka yi madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, kogi ya daina ƙafewa da rani kamar da, ciyawar ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa. Gonar wani ta nutse, ta wani kuma ko ɗigo babu. Tsuntsun jan-baki ya kwana a cikin kacallar, gari na wayewa ya sauka a kan shinkafa. Ba takarda, ba tuntuɓen harshe, mai rubuta rahoto har biro na neman ƙare masa.

Inda gizo ke saƙar shi ne zaunar da mai magana. "Daga ƙarshe" tamu takan haifi 'ya'ya. An yi tafi bai ji ba, an ja masa gefen riga ya fizge. Magani ɗaya muka sani: a ƙyafta wa liman ido ya ɗaga hannu ya ce, "Fatiha!"