Tsokar da ta fi ƙarfin harshe

Akwai wata tsoka a gefen wuya wadda likitoci ke kira sternocleidomastoid. Haruffa 19, gaɓa 6: ster-no-clei-do-mas-toid. Ba mugunta ba ce, wai adireshi ne: ta taso daga ƙashin ƙirji da ƙashin da ya gitta zuwa kafaɗa, ta sauka a ƙashin bayan kunne, sai aka ɗinke sunayen ukun daga Girkanci.

To amma bakin Bakano ba ya fara gaɓa da baƙaƙe biyu a jere. Shi ya sa ɗalibin aikin jinya daga Kumbotso zai cusa wasali duk inda ya ga matsi, ta koma sitanokilaidomasitoyid. Kafin ya kai ƙarshe, malam ya kira na gaba.

Abin haushin, ɗan dakon da ke sunkutar kwandon tumatir a gonakin rani na Kura da Bunkure, inda ruwan dam ɗin Tiga ke ratsawa, da tsokar nan yake waiwaye tun asuba. Idan ta ƙage, cewa zai yi wuya ya sanƙare, kuma kowa ya gane.

Ɗalibai, ku daddatsa sunan gida uku. Ranar jarrabawa babu mai karɓar "jijiyar nan ta wuya".