Jinsunan Masu Shela a Majalisun Karta na Mubi

Mutanen Japan suna da wani wasa da suka aro daga ƙasar Sin a farkon ƙarni na ashirin, ana ce masa majong, wanda mutum huɗu ke zama su yi da 'ya'ya 136, iri 34, kowane iri guda huɗu; kuma da yake su al'umma ce mai son tsari, sai suka shimfiɗa wa shelar da ake yi a cikinsa sharuɗɗa filla-filla, ba su bar wa mai gardama kafa ba. Wanda ke riƙe da 'ya'ya biyu iri ɗaya, idan wani ya yar da na ukunsu, yana da ikon ya ɗaga murya ya ce "pon", ya ɗauka, ya baje ukun a fili kowa ya gani. Wanda ya tara huɗu kuwa sai ya ce "kan", ya ƙaro ɗa guda daga ajiyar da aka keɓe. Amma shelar ba kyauta ba ce, domin wanda ya tsinci abin da wani ya yar ya buɗe hannunsa ke nan, ya rufe wa kansa ƙofar "rici", wadda babbar hanya ce ta samun maki, sa'an nan kuma abokan zamansa sun leƙa sun ga inda ya dosa.

A Mubi abin da ke hannun jama'a shi ne dara da kartar wot, wadda wani Bature mai suna William Storey ya ƙago a Ingila a 1935, ta zo ta yi gida a Nijeriya fiye da yadda ta yi a mahaifarta. Ita ma tana da tata shelar: wanda ya rage da kati ɗaya wajibi ne ya ce "las kad", in ya yi shiru a tura shi kasuwa, wato tarin katunan da ba a raba ba, ya kwaso, wanda ya gama ya ce "cekof". To, duk wanda ya daɗe yana ratsa majalisun Lokuwa da Kolere da Shuware bayan la'asar zai tabbatar da cewa mutum yana iya ɓoye halinsa a kasuwa da gidan surukai, amma ba ya iya ɓoye shi a lokacin da aka wajabta masa ya faɗi abin da ke hannunsa.

Na farko a jinsunan masu shelar shi ne mai gaggawa, wanda asiri ba ya kwana a cikinsa. Da ya sami "fik tu", wadda ke sa na gaba ya kwaso biyu, sai ya dangwarar da ita da ƙarfi, ko da a zagayen farko ne, ya dubi maƙwabcinsa yana murmushi, alhali kuwa da ya yi haƙuri da ita da ta cece shi a ranar tsanani. Takwaransa na Japan shi ne mai kiran "pon" a kan duk abin da ya faɗo, har ya wayi gari hannunsa ya cika amma babu siffa ko ɗaya daga siffofin da shari'ar wasan ta gindaya wa mai ci, sai ya zauna yana kallon dukiyar da ba ta sayen komai.

Kishiyarsa shi ne mai asirtawa. Shi wannan bawan Allah yana furta "las kad" ne a cikin tari, ko a daidai lokacin da babur ke wucewa, ko kuwa ya cusa ta a tsakiyar gaisuwa da mai shayi, in an tuhume shi sai ya dafa ƙirji ya ce, "Haba Alhaji, wallahi na faɗa, kai dai hankalinka yana tike wajen shanunka." A mazhabarsa motsin leɓe ya wadatar, kamar yadda ya wadatar a karatun azahar, kuma bai taɓa rasa shaida ba, domin akwai wani ƙanensa a bayansa wanda kullum shi kaɗai ke ji.

Sai kuma babbansu, wanda majalisa ke yi wa laƙabi da Modibbo, ba don ya sauke wani littafi ba, sai don babu mas'alar da za ta taso ya rasa fatawa a kanta. Wajibi ne a yi wa wannan mutum adalci a ce garin ne ya taimake shi. Mubi gari ne na bakin iyaka, wanda ya zauna ƙarƙashin Jamus, ya koma ƙarƙashin Ingila, bai shigo Nijeriya ba sai bayan ƙuri'ar 1961. Kasuwar shanunsa tana jawo fatake daga Kamaru da Cadi, makarantunsa kuma, Kwalejin Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa, suna tara ɗalibai daga kowace kusurwa, kowa ya zo da ƙa'idar garinsu a aljihu. Saboda haka saɓani ya yawaita: shin ya halatta mutum ya sauke katuna biyu ko uku masu lamba ɗaya a lokaci guda? Shin ana kare "fik tu" da wata "fik tu"? Shin ana gamawa da "janar maket", mai tura sauran 'yan wasa kasuwa, ko kuwa sai an biyo ta da wani kati? Modibbo ya haddace dukkan ruwayoyin nan tare da isnadinsu, kuma abin al'ajabi, ra'ayi mafi rinjaye a wurinsa kullum shi ne wanda ya dace da katunan da ke hannunsa. In yana riƙe da bakwai guda uku, sai ya ce ijma'in mutanen Yola da Maiduguri ya tafi a kan halaccin sauke su tare. In abokin hamayya ne ke riƙe da su, sai ya tuna cewa a Marwa da Garwa wannan bidi'a ce. Wani saurayi ya taɓa ce masa, "Allah ya gafarta Malam, ai ɗazu ba haka ka ce ba," sai ya amsa da cewa fatawa tana canzawa da canjin zamani. Da Japanawa zai zauna da ya rasa sana'a, domin su sun riga sun yanke cewa in biyu suka yi shela a kan ɗa guda, mai neman cika iri ɗaya ya rinjayi mai neman cika jeri, mai ci kuma ya rinjaye su duka.

Akwai mai haɗama, wanda uku ba sa isarsa sai huɗu. Zai yi ta tara lamba ɗaya yana jiran ranar da zai zube su gaba ɗaya majalisa ta yi kabbara, har wani ya ce "cekof" a bar shi da su a hannu ana ƙirga masa. Magabatanmu masu dara, da raminsu 30 da 'ya'ya 12 a hannun kowa, sun yi maganinsa tun tuni, da suka hukunta cewa uku a jere ci ne, huɗu a jere kuwa ba komai ba ne. Japanawa sun bar masa "kan" ɗinsa, amma sun ɗaura mata wutsiya: duk sa'ad da aka kira ta sai a buɗe sabuwar alama mai ƙara maki, wadda ba ta san wanda ya buɗe ta ba, tana iya azurta abokin gaba, kuma wanda ya zo ƙara na huɗu a kan ukun da ya baje, in akwai mai jiran wannan ɗan, sai ya fizge shi ya ci wasan da shi.

Mai janyewa ba ya bukatar dogon sharhi: ya saki kati, ya ga fuskar na gaba ta washe, ya dafe shi da yatsa ya ce ai hannunsa bai rabu da shi ba tukuna. Ɗan kallo kuwa ya fi shi sharri, domin shi ba ya wasa amma shi ke yi wa kowa shela, ya tsaya a bayanka ya ja numfashi ya ce "Ikon Allah!", sai duk majalisa ta gane kana riƙe da wot, katin da ke shiga ko'ina.

Na ƙarshe shi ne mai taƙawar farat ɗaya. Malamanmu na Malikiyya ba su sassauta wa irin waɗannan wasanni ba, Risalar Ibn Abi Zaid ma ta hana nardu da shaɗaranji, caca kuwa haramcinta ba ya bukatar muhawara. Shi wannan mutum ya san duk wannan sarai, amma iliminsa yana barci muddin yana ci. Sai ya ji abokinsa ya ce "las kad", shi kuwa yana riƙe da katuna goma sha wani abu, sai ka ga ya ɗaga kai ya dubi rana, ya yi istigfari, ya watsa katunansa cikin kasuwa yadda ba mai iya tantance su, ya ce, "Jama'a, mu ji tsoron Allah, magariba ta gabato." Ya ɗauki buta ya nufi masallaci, ladan kuwa ko alwala bai yi ba.