Agogo Mai Hannu Ɗaya Lafiyarsa Ƙalau

Duk wanda ya rataya agogo mai hannu ɗaya a zaurensa a Guider, to ya shirya karɓar jaje. Baƙo zai shigo, ya ɗaga kai, ya ce, "Ayya Malam, yaushe abin ya faru?" Wani har ya yi maka kwatancen mai gyara a Garwa. Babu abin da ya faru. Haka aka ƙera shi, kuma shi ne wa a gidan agogo, mai hannu biyu ƙaninsa ne.

Agogon majami'ar Salisbury a Ingila, wanda ake danganta shi da 1386, ko fuska ba shi da ita, ƙararrawa kawai yake bugawa. Da aka soma yi wa agogo fuska, hannu ɗaya aka ba shi, domin agogon wancan zamani yakan yi kuskuren kusan kwata guda a yini, kuma mai ɓatar da kwata ba shi da bakin ƙirga minti. Sai bayan da Christiaan Huygens, mutumin Holan, ya ƙera agogo mai lilo a 1656 dogon hannu ya samu gindin zama. Har gobe agogon majami'ar Coningsby, a Ingila, da hannu ɗaya yake aikinsa, kuma mutanen garin suna cin abinci a kan lokaci.

Karatunsa ba wuya. A tsofaffin, tsakanin lamba da lamba an raba huɗu, kowane rabo kwata. Hannu a kan 3, ƙarfe uku. Ya yi rabin hanya zuwa 4, uku da rabi. Ya kusa 4 bai taɓa ta ba, huɗu saura, kuma sauran tsakaninka ne da wanda ka yi wa alkawari. Na zamani, irin waɗanda kamfanin MeisterSinger na Jamus ke yi tun 2001, suna da zane 144, kowane minti biyar. Babu wurin "ga ni nan da minti biyu", don haka mai shi ya huta da faɗarta.

Mai son tara irin waɗannan sai ya ƙirga kafin ya taya. Idan tsakanin lambobi rabo huɗu ne ko goma sha biyu, asalinsa hannu ɗaya ne. Idan biyar ne, dogon hannun ne ya faɗi, kuma wataƙila yana kwance a ƙasan gilashin, a girgiza a ji. Wannan shi ya cancanci jaje. Na asalin kuwa, in za a kai shi gyara, a tsaya a kansa, domin mai gyara mai tausayi zai iya ƙara masa hannu kyauta.

Mu dai bai kamata abin ya zame mana baƙo ba. Manomin auduga a bakin Mayo Luti da inuwarsa yake sanin hantsi da walaha. Ladani ya san azahar ta shiga in inuwa ta juya gabas, la'asar kuma in ta ƙaru da tsawon mai ita. Inuwa hannu ɗaya gare ta, kuma ba a taɓa kai ta Garwa gyara ba.