Kyaftin Ba Ya Jin "Ga Ni Nan Tafe"

Masu hali sun ƙirƙiro wa kansu wani irin hutu. Mutum ya zube kuɗi masu kauri, ya shiga jirgin ruwa mai hawa goma sha wani abu, a ba shi ɗaki, a yi ta ɗura masa abinci dare da rana, kullum gari ya waye ya tsinci kansa a bakin wata ƙasa. Jirgin Icon of the Seas, da ya fara aiki a 2024, yana iya kwasar fasinja 7,600, ban da ma'aikata. Da safe sai a buɗe ƙofa a ce da wannan al'umma ga gari nan, a je a sha iska, amma kowa ya dawo kafin biyar da rabi, don ƙarfe shida za a tashi. Daga wannan sanarwa hutu ya ƙare. Wanda ya bar ofis don ya huta da kallon agogo, yau zai kalli agogo fiye da duk ranar da ya taɓa yi a wurin aiki.

Takardar talla ce ke fara yaudarar. Za ka ga an rubuta "Rum" da manyan baƙaƙe, har da hoton Kolosiyam. Amma Rum ba a bakin teku take ba. Jirgi a Cibitabekiya yake tsayawa, kusan kilomita 80 daga birnin. Ko fita daga tashar ma sai an shiga bas, don girmanta. Daga nan a nemi tashar jirgin ƙasa, a yi tafiyar awa ɗaya da wani abu, in Allah ya sa ba a faɗa ranar yajin aiki ba, domin ma'aikatan sufurin Italiya ba sa wasa da wannan haƙƙi nasu. Ka cire zuwa, ka cire dawowa, ka cire layi da neman bayan gida, abin da ya rage wa birnin da ya haura shekara 2,700 a duniya bai fi awa biyar ko shida ba. Haka ake rubuta "Fulorans" alhali a Liborno za a sauke ka. Banis kuwa tun 2021 gwamnatin Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyarta, har wasu kan yada zango a Rabenna ko Tiriyeste, a ƙarasa da kai a mota.

Duk da haka akwai wanda ya rantse sai ya gama Rum a cikin awa shidan nan. Za ka gane shi tun wurin karin kumallo, da takarda a ninke a aljihun gaba, an ja layi da jan biro: Batikan goma da kwata, Kolosiyam sha biyu, maɓuɓɓugar Tirebi ɗaya da minti ashirin, cin abinci minti goma sha biyar a tsaye. Matarsa na biye da shi tana haki, 'ya'ya na jan ƙafa. "Maigida, mu ɗan zauna mana." "Kya zauna a jirgi." A Tirebi ya juya baya ya wurga kwabo kamar yadda ake yi, wai don ya sake dawowa Rum, alhali zuwan farkon ma bai ɗaga kai ya dube ta ba. Sai da dare, yana kwance yana latsa waya, zai ga wuraren da ya je.

Sai kuma mai lissafi. Kamfanin jirgi na sayar da nasa yawon, da bas da ɗan jagora mai ɗaga tuta, kuma da tsada. Amma a cikin tsadar akwai wani alkawari: in bas ɗin kamfani ta makale a hanya, jirgi zai jira ta, ko kamfani ya ɗauki nauyin kai mutane tasha ta gaba. In kai ka shirya wa kanka, kai da Allahnka. Mai lissafi ya san wannan sarai, amma ya samo wani direba a intanet da ya rage masa Yuro talatin, kuma tun daren jiya yake bin tebur tebur yana ba mutane labarin wayonsa. Sau da yawa, a gaskiya, dabararsa na ci, ya dawo da wuri ya cika mutane da surutu. Ranar da ba ta ci ba, tikitin jirgin sama da kuɗin otal za su koya masa cewa araha ba ta ado.

Santorini ta ƙasar Girka ita ce inda abin ya fi daɗin kallo. Manyan jirage ba sa iya matsawa bakin gaɓa, sai su tsaya can cikin ruwa, ƙananan jiragen fito su riƙa jigilar mutane. Garin Fira kuwa yana can ƙolin dutse, sama da mita 200. Hanya uku ce daga tsohuwar tasha: ko ka shiga akwatunan da ke hawa bisa igiyar ƙarfe, guda shida a jere, kowanne mutum shida, ko ka taka matakala kusan 600, ko ka hau jaki. Da safe kowa mutumin kirki ne, ana ba tsofaffi hanya. Da la'asar, sa'ad da mutanen jirgi uku ko huɗu suka tuna a tare cewa lokaci ya yi, sai layin akwatunan ya miƙe har cikin lungunan gari. A nan za ka ga farfesa ya tsallake layi yana kallon sama kamar bai san ya yi ba. Wanda ya ƙosa ya bi matakala, ita kuwa hanyar jakuna ce, kuma jaki ba ya neman bayan gida. Ga duwatsu masu santsi, ga farin takalmi sabo fil, ga agogo na gudu. Tun 2018 gwamnatin Girka ta hana ɗora wa jakunan nan nauyin da ya wuce kilo 100, doka mai kyau, sai dai ta zo da cin fuska ga mutumin da ya kwana biyar yana cin abincin da ba a ƙayyade masa faranti ba.

Wani tarkon agogon ne da kansa. Jirgi na da nasa lokaci, gari na da nasa. Jirgin da ya taso daga Miyami a watannin zafi ya isa Kozumel ta Meziko, agogon garin na bayan na Miyami da awa ɗaya. In kyaftin ya ce a zauna kan agogon jirgi, wayarka ba ta ji sanarwar ba, tuni ta sauya da kanta. Kana zaune a inuwa, kana ganin saura awa guda, sai ka ji ƙaho.

Mu da muka saba da tashar mota mun san tafiya da mutunci. Mota ba ta tashi sai ta cika, kuma ko ta cika, in ka ajiye jaka a kujera ka tafi sayen tsire, direba zai zage ka amma zai jira. Jirgin nan bai san jaka a kujera ba. An ba shi lokacin fita, matuƙin tasha da zai raka shi bakin teku na jira, wata ƙasa na sauraronsa da asuba. Ba ya jin "ga ni nan tafe", ba ya jin "ka san ko ni wane ne". Abin da za a yi maka bai wuce a kira sunanka a lasifika sau biyu ko uku ba, kowa ya ji, sannan, in an samu fasfonka, a miƙa wa wakilin kamfani a tasha ya ajiye maka.

To, a nan 'yan baranda ke shigowa. Waɗannan sun dawo tun uku da rabi, sun yi wanka, sun ɗauko abin sha, sun jeru a gefen da ke fuskantar gaɓa. Ba teku suke kallo ba. Jira suke wani ya ɓullo daga nesa da leda a kowane hannu, hula ta tashi, silifa ɗaya ta tsinke. Da ya ɓullo sai ihu da tafi, wayoyi duk sun ɗaga. Mutanen da ɗazu suke gaisawa da ladabi a wurin shayi, yanzu wasu na yi masa addu'ar ya samu shiga, wasu kuma a ransu sun fi son a janye tsanin yana saura taku goma, don bidiyon ya fi tafiya a YouTube. In ya samu ya shiga, gobe shi ma yana baranda tun uku da rabi, kuma muryarsa ta fi ta kowa.

Wanda ke ganin duk wannan barazana ce ya tambayi mutum takwas ɗin da jirgin Norwegian Dawn ya bari a tsibirin Sao Tome a watan Maris na 2024. Sun tafi yawon da ba na kamfani ba, suka makara da fiye da awa guda, aka bar musu fasfo a hannun wakili. Suka bi jirgin ta sama da ta ƙasa har Banjul ta Gambiya, suka isa a kan kari wannan karon, sai jirgin ya kasa shiga tashar saboda yanayin ruwa. Suka sake ɗaukar hanya zuwa Senegal, sai a Dakar suka cim masa. A waɗancan 'yan kwanaki sun ga Afirka ta Yamma fiye da duk waɗanda suka dawo jirgi a kan lokaci, kuma babu ɗan jagora mai tuta ko ɗaya.