Wai Ɗan Cikin Ne Yake So

A gidajenmu babu laifin da ya kai a tauna tsakuwa a shinkafa. Maigida ya ajiye cokali, ya dafe muƙamuƙi, a yi kwanaki ana aika saƙo ta bakin yara. Uwargida ta rantse ta maya cewa ta rege, laifin mai shago ne. To amma wannan baiwar Allah da ta ɓata safiya tana tsintar shinkafa, in ka leƙa jakarta ta biki, can ƙarƙashin kwalli da turare, za ka tarar da wani ƙullin leda. Farar ƙasa ce. Da kuɗinta ta saya, har gyara ta nema.

In ka tambaya, amsar ɗaya ce daga Kano har Zangon Kumasi: ɗan cikin ne yake so. Bawan Allah ko haƙori ba shi da shi, amma an fara yi masa sharri. Shi ke son tsire ƙarfe biyun dare, shi ke son ɗanyen mangwaro da gishiri, shi ya tsani warin turaren ubansa, yanzu kuma shi ya aiko a ɓanɓaro masa bangon ɗaki. Katanga nawa aka ɗora wa damina da awaki alhakin zaizayewarta, alhali mai aikin tana cikin gida da zani a ƙirji? Wata ma an haihu, an yi suna, yaron ya shiga firamare, ita tana nan tana ƙumus-ƙumus a bayan ƙyaure. Harkar har da gwanaye: wannan sai ginin gara, waccan sai tsingaron tukunya, wata kuma ta ce ƙasar da ba ta sha hayaƙi ba lami ce.

Ba mu kaɗai ba ne, kada a ce na sa wa matanmu ido. Inyamurai suna da nzu, 'yan Kamaru suna da kalaba, a Ghana kuwa ana haƙo ayilo a Anfoega ta yankin Volta, a mulmula, a gasa, a kai kasuwa. A 1985 mujallar kimiyya ta Science ta buga binciken da ya nuna ƙauyen Uzalla da ke kusa da birnin Benin kaɗai yana fitar da kimanin tan 500 na irin wannan ƙasa a shekara. Abin ya haye teku, domin 'yan'uwa na Turai in sun yi sautu, bayan kilishi da daddawa akan ƙara da "kar a manta da abin nan". A ƙarshen 2009 sai da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi masu ciki su guji nzu, bayan an gano dalma da gubar asenik a ciki.

A faɗi gaskiya, matan ba hauka suke ba. Farar ƙasa tana kwantar da tashin zuciya da ƙwannafi, tana tsayar da zawo, har an daɗe ana sa irinta a maganin gudawa na kanti. Matsalarta ba ta tantance abin da take kamawa. In ta shiga hanji sai ta riƙe sinadarin ƙarfe da jiki ke gina jini da shi, ta fice da abinta, kamar baƙon da ya taya ka korar ɓarawo sannan ya wuce da tukunyar miya. Likitoci kuma sun daɗe da lura cewa kwaɗayin ƙasa, gawayi ko ƙanƙara yawanci tare yake tafiya da ƙarancin jini. Jiki na kukan jini, ana ɗura masa abin da ke ƙara ƙwace shi. Ga ƙwan tsutsar ciki da ke zuwa kyauta, ga haƙora na zaizayewa. Sai kuma zaman bayi, wanda ke tsawo har a aiko yaro ya ƙwanƙwasa ya ce, "Umma, lafiya?" In abin ya yi ƙamari hanji kan toshe, a dangana da ɗakin tiyata.

Batun dalma kam ba na wasa ba ne. A 2010 ƙurar dutsen zinare mai dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da 'Yargalma. Dalma tana ratsa mahaifa ta kai ga ɗan tayi, ta taɓa ƙwaƙwalwarsa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani mizaninta da aka san ba ya cutarwa. Ba kowane dunƙule ke da ita ba, amma harshe ba ya bambancewa, mai talla ma ba ta sani ba.

Maganin kuwa yana ƙarƙashin katifa. Jajayen ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa a wurin awo suna nan jere tun wata na huɗu, wai ƙarni suke yi. Macen da ta tauna gidan gara ita ce ke yamutsa fuska a kan ƙwaya! Surukarta na gefe tana ƙara mata ƙarfi: "Rabu da su, 'yar nan, mu ma mun ci, goma muka haifa." Ba ta dai ce nawa suka rayu ba.

Maigida kuwa, da ya ji labari, dariya ya yi har da riƙe ciki, ya kai zancen majalisa a matsayin abin raha. Hanta, wake, kifi da zogale kuɗi ne, farar ƙasa kuwa ta ɗari biyu sai ta kai mako. Shi ya sa ranar awo, da Sista ta duba idonta ta ga ya yi fari fat, ta ce, "Hajiya, ba dai kina cin ƙasa ba?" shi ya riga ta amsawa: "Haba Sista, a gidana? Ai tayil ne ko'ina."