Kalma ɗaya, uba huɗu

Kai mai karatu da ka riga ka taɓe baki, na gan ka. Cewa kake yi, "Sound? Ai sauti ke nan, tun muna firamare muka wuce wurin." To, Malam Bature, gyara zama.

In sauti ne kawai, me ya sa Turawa ke cewa yaro na barci "sound" alhali ko tari bai yi ba? Ka ce minshari suke nufi? Allah ya shirye ka. Barci mai nauyi ake nufi, kuma wannan "sound" ɗin bai haɗa ko kaka da na kunne ba. Na kunne daga Latin ya taso, "sonus", ya ratsa ta Faransanci ya shiga Ingila babu harafin d a ƙarshensa. Daga baya bakin mutane ya liƙa masa. Na barci kuwa ɗan gida ne, daga tsohon Turanci "gesund", wato lafiyayye. Jamusawa na nan riƙe da nasu har gobe: yi atishawa a gabansu ka ji an ce maka "Gesundheit", ma'ana lafiya.

Shi ne kuma ɗan lelen lauyoyi. Sashe na 137 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya hana takarar shugaban ƙasa ga wanda doka ta tabbatar hankalinsa "unsound" ne. Da fassararka aka bi, da marasa surutu aka hana tsayawa zaɓe, ka kuwa san a wannan fanni babu ɗan siyasarmu da zai faɗi jarrabawa.

Na jiyo Hajiya daga can tana cewa ai dama Turanci harshe ne marar kan gado. A hankali, ranki ya daɗe. Ke da kike miya da kuka, jaririnki ya hana ki barci da kuka, ki tuƙa tuwo da gari sannan ki shiga gari? Za ki ce karin murya da jan wasali na raba su. A baki, na yarda. A takarda fa?

Saura na ruwa, wanda na fi so. Mashigin teku ma "sound" ne, daga "sund" na mutanen arewacin Turai. Wanda ya raba Danmak da Suwidin, Øresund, ya ciyar da sarakunan Danmak shekara fiye da 400: daga 1429 zuwa 1857 jiragen baƙi masu ratsa shi sai sun tsaya a Helsingør sun biya haraji. A 2000 aka buɗe gada a kansa. Ka ce mini sauti ne suka yi ta sayarwa?

Matuƙan jiragen kuma in suka jefa igiya mai dalma don auna zurfin ruwa, aikin nan ma sunansa "sound", daga Faransanci "sonder". Shi ya haifi "sound him out", abin da mu muke kira bugun ciki.

Har yanzu kana kan bakanka? Madalla. Je ka Legas ka yi gardamar canji da kwandastan danfo. In ya ce "I go sound you", a nan kam fassararka ta yi daidai: sauti za ka ji, tas, a kumatunka na hagu.